An Kwantar da Naman Kaza a Ɗakina, Ni An Kai Ni Falo

Daga:
Kakar 'Yan Biyu,
Hawan ƙasa, ƙofa ta ƙarshe ƙarƙashin matattakala,
Rukunin gidajen haya na bayan tashar bas.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Gidaje da Jin Daɗin Mazauna.

Litinin, 3 ga watan Nuwamba.

Game da: Jami'inka na sana'ar cikin gida, wanda ya raba ni da ɗakin kwanana ya bai wa naman kaza

Yallaɓai,

Ma'aikacinka ya ƙwace mini ɗaki. Wannan dogon mai safar hannu da kuka naɗa jami'in sana'ar cikin gida, shi nake nufi, kuma ko a gaban idonsa zan maimaita. Ya fitar da ni daga ɗakin da na tsufa a cikinsa, ya kwance gadona, ya buga kwaɗo a ƙofar, ya zuba makullin a aljihunsa. Mai buga mini wannan takarda ta ce ai da gaisuwa ake farawa. Na ce mata gaisuwa ba guduwa za ta yi ba, ta fara rubuta laifin tukuna.

To yanzu ina gaisuwa. Allah ya ƙara girma, ya ja kwana, ya sa kana kwana a kan gadonka.

Don kada a ce tsohuwa ta yi magana a dunƙule, naman kazan da nake nufi shi ne tsiron nan da muka tashi muna kira laimar kwaɗi, muna take shi da ƙafa a gindin ruɓaɓɓen icce. Yanzu an ce akwai irin da ake ci, har ofishinka na raba shi a kwali don a noma a gida. Cikin ladabi da biyayya nake gabatar da koke-kokena kamar haka.

1. Bangon ɗakina yana tsattsafo da ruwa tun autana yana makaranta. Yau autan nan direban bas ne, da matarsa da 'yan biyunsa, kuma bangon yana nan yana kuka. Bututun banɗakin maƙwabciyata ta sama ne ya fashe a cikinsa. Fenti ya ɓare, katifa ta yi wari, gwiwoyina suka koyi faɗin yanayi fiye da rediyo. Na yi ta sintiri a ofishinka har benci ya san ni. Shugabanni uku suka zauna a kujerar da kake kai, kowanne ya ce za a duba. Ma'aikaciyar da ke bakin taga ta taɓa ce mini wai raɓa ce kawai, wai mu tsofaffi dama jin sanyi muke yi. Na rubuta wannan ne don ka san bangon nan ba baƙo ba ne a wurinku.

2. A farkon watan Maris aka aiko cewa duk tsofaffin matan rukuninmu su hallara a zauren taro, ofis zai taimaka musu. Na ɗaura zanena mai kyau, na ce yau Allah ya karɓi addu'ar bango. Da muka je sai ga Mai Safar Hannu tsaye bayan tebur, da kwalaye jibge a gefensa. A cikin kowane kwali akwai leda cike da dusar katako wadda ta yi fari fat da fumfuna, da 'yar kwalbar feshi, da takarda mai zane-zane. Ya ce a tsaga ledar da wuƙa, a ajiye inda rana ba ta kaiwa, a fesa ruwa safe da yamma, arziki zai tsiro.

Yallaɓai, ni shara na yi a asibiti har ƙarfina ya ƙare. Duk abin da ya yi fari-fari a kusurwa, aikina shi ne in kankare shi da buroshi, in bi da ruwan magani. Yau ga yaro sa'an ɗana yana miƙo mini shi da hannu biyu, wai in yi reno. Na ɗaga hannu na tambaye shi maganar bututu. Ya ce wannan ba sashensa ba ne. Da yake ni ce a gaba, kwalina ya ɗauka ya yi gwaji da shi, shi da kansa ya tsaga ledar. Na karɓa don kunya, tunda ba a mayar da hannun kyauta. Ina isa gida na tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa, har sai da na ji ya bugi bango. Kwalbar feshin kuwa surukata na bai wa, tana yayyafa wa kaya ruwa idan za ta yi guga. Ina so a rubuta wannan da kyau: ko ɗigo ɗaya ban taɓa ba abin nan ba.

3. Bayan kamar mako biyu surukata tana shara ta ƙwalla ƙara, na zaci ɓera ne. Muka leƙa, sai ga abu ya fasa kwali ya fito tuli guda, toka-toka, kunne a kan kunne, kamar an tara kunnuwan magulmatan unguwa wuri ɗaya.

Na sauran mata kuwa duk sun mutu. Maƙwabciyata ta sama ta bi takardar nan tamkar umarnin likita, tana feshi a kan lokaci, har magana take yi wa ledarta, amma abin ya zama kore shar ya yi ɗoyi. Na wata ya bushe kamar bulo. Don haka ranar da jami'inka ya zo zagayen dubawa, gida-gida ya bi yana karɓar ta'aziyya. Ya iso ƙofata fuskarsa kamar an aiko masa da takardar sallama. Na ce masa abinsa yana ƙarƙashin gado, ya ɗauka ya tafi da shi. Ya durƙusa da wandonsa mai guga, ya haska fitilar wayarsa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, idonsa ya yi rau-rau. Daga ranar na tashi daga tsohuwa mai yawan ƙorafi na koma Mama.

Ya tambaye ni sirrina. Na ce ba ni da sirri, bango ne, kuma bangon naku ne. Ya yi dariya ya ce Mama akwai tawali'u. Daga baya aka karanta mini abin da ya rubuta a kaina, wai ina da basirar da ba a koyo a aji, wai na gano ba a takura wa shuka. Ya ɗora mini tulin a hannu kamar jariri, ya ɗauke ni hoto. Hoton yana nan manne a bakin ofishinka, sama da bencin da nake zama in jira maganar bututu. Duk wanda ya dubi fuskar nan ya san ba murna nake yi ba.

4. An ce baƙo raɓa ne. Wannan baƙon da ya kwana ya ga wuri sai ya aika aka kira danginsa. Jami'in ya fara kawo ledoji kaɗan, wai a gwada a gani ko sa'a ce. Suka yi. Ya ƙaro, suka yi. Sai ga kafinta da katakai, zai kafa kantoci a jikin bangon. Na tambayi kafintan daga ina, ya ce daga ofishinka. Na ce ashe kuna da ma'aikata? Ya ce da safe aka faɗa masa, ga shi kafin azahar ya iso. Ban san ofishinka yana da irin wannan saurin ba, kuma ina taya ka murna.

Kantoci suka ci bango ɗaya, aka fitar da durowata. Suka ci na biyu, aka fitar da akwatina. Aka lulluɓe tagar da baƙar leda don hasken rana yana damunsu. Ni da na yi shekaru ina roƙon rana ta shigo ta busar mini da katifa, ba wanda ya tambaye ni. Aka rataye wani agogo wanda ba ya faɗin lokaci, danshi yake aunawa, kuma idan allurarsa ta hau jami'in har tafi yake yi.

Abin da bai faɗa mana a zauren taro ba shi ne, idan abin nan ya nuna, wata farar ƙura yake saki. Tana sauka a kan kanta, a kan bargo, a cikin ƙirjin mutum. Na kama tari irin wanda ke tayar da 'yan biyu daga barci. Ɗana ya kai ni asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ce kada in ƙara kwana ɗaki ɗaya da su. Na ce madalla, yanzu za a kwashe.

A ranar 12 ga watan Yuni jami'inka ya zo da mai duba lafiyar gidaje, shi ma daga ofishinka. Mutumin ya danna wani ƙarfe a bango, ya girgiza kai, ya ce danshin ɗakin nan ya wuce ƙima, bai dace ɗan Adam ya kwana a ciki ba. Yallaɓai, na kusa rangaɗa guɗa. Maganar da na yi ta faɗa har haƙorana suka zube, yau ga ta ta fito daga bakin mai takarda. Sai suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus, suka dawo suka ce tunda ɗakin bai dace da mutum ba, kuma ya dace da naman kaza, abin da hankali zai ɗauka shi ne a fitar da mutum. Ni ban yi makaranta ba, shi ya sa wannan hankalin bai zo mini ba.

Kafintan nan dai shi ya dawo ya kwance gadon. Gadon da marigayi mijina ya yi jinya a kai har ya cika. Yanzu yana jingine a lungun hanyar banɗaki, ƙafafunsa ɗaure da igiya, kowa ya wuce sai ya yi tuntuɓe da shi ya yi tsaki.

5. Tun ranar a falo nake kwana, a kan doguwar kujera wadda ba ta kai tsawona ba. Ba na kwanciya sai ƙwallon da ake kallo a talabijin ta ƙare, kuma ƙwallon zamanin nan ba ta ƙarewa, in an gama wannan a shiga wancan. Ba na ramuwar barci da safe, don ɗana da wuri yake fita, ta kaina yake bi ya ɗauki takalmi. In baƙi suka zo sai in naɗe bargona in tura bayan talabijin, in zauna ina murmushi kamar ni ma ziyara na kawo. A banɗaki nake sauya kaya, a tsaye, da waɗannan gwiwoyin. 'Yan biyu sun mayar da matashina mota. Ɗayansu ya tambaye ni wai Kaka, laifin me kika yi aka kore ki? To ga shi na turo maka tambayar.

Kada wani ya ce zai ɗora wa ɗana ko matarsa laifi, ban kawo ƙararsu ba. Sun ce in koma ɗakinsu su su dawo falo. Na ƙi. Wace uwa ce za ta miƙe ƙafa a gadon ɗanta, shi da matarsa suna kwance a gaban talabijin? Ɗana mutum ne mai tsoron duk wanda ya rataya kati a wuya. Da jami'in ya ce masa ofis ne ya yanke, sai ya sunkuyar da kai, ya ce Inna a yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Surukata kuma ita ke tsinkar naman kazan, tana kai wa wani mai dafa abinci a otel, kuma na ga abin yana rufa musu asiri. Ba na baƙin ciki da wannan. Amma yarinyar nan in ta kawo mini shayi ba ta iya haɗa ido da ni, ni ma ba na iyawa. Da muna zaune lafiya, muna faɗanmu na suruka da uwar miji kamar kowa. Yanzu ko faɗan babu, sai sannu da yawa. Wannan ma jami'inka ne ya jawo.

6. Idan ina son shiga ɗakina, sai na jira ya zo da makulli, ko surukata ta ara mini nata. Sai na tsoma ƙafa a baho mai ruwan magani, na sa hular leda, na ɗaura takunkumi. Ran nan na shiga neman carbina da nake zaton ya faɗa bayan kanta, ya ce in yi magana a hankali kuma kada in taɓa komai. A ƙofar ya manna allo, an ce mini an rubuta Gonar Mama. Gona tawa ce, amma sai da izini.

Yana kuma kwaso mata daga wasu rukunai su zo su koya a wurina. Su cika falon, wato ɗakin kwanana, su zauna a kan kujera, wato gadona. Sai ya ce Mama, faɗa musu yadda ake yi. Ni kuwa ba na ɓoye ilimi. Ina ce musu su samu bututun da ya fashe, su kai ƙara ofishinka, su koma gida su jira. In sun yi haƙuri kamar yadda na yi, ba abin da ba zai tsiro ba. Sai ya fashe da dariya ya ce Mama akwai barkwanci, matan kuma su rubuta.

Har yau ban ɗanɗana abin nan ba. Ba na cin wanda ya gaje ni da raina.

7. Wannan shi ne ya sa na nemi mai buga takarda. A ranar Litinin 20 ga watan Oktoba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga dattijo da jakar kayan aiki da guduma. Ya ce shi ne mai gyaran famfo, an turo shi daga ofishinka a kan bututun da ke cikin bango. Ashe koken da na kai tun zamanin shugaban da ya gabace ka ne layi ya zo kansa. Na rasa inda zan sa shi don murna. Na ba shi kujera, na sa aka dafa masa shayi, na aika a kira jami'in ya kawo makulli.

Jami'inka ya iso da gudu, safar hannu ɗaya a hannu ɗaya a baki. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ware hannuwa kamar mai tare akuya. Ya ce ba wanda zai taɓa bangon nan, wai bangon shi ne zuciyar shirin gaba ɗaya, in ya bushe komai ya bushe. Mai gyaran famfo ya ce shi dai an aiko shi. Jami'in ya buga waya nan, ya buga can, aka ce wa dattijon ya koma sai an neme shi. Yana tattara kayansa ya ce mini, Iya, shi tun da ya fara aikin nan zaginsa ake yi don ya makara, bai taɓa zuwa inda aka kore shi don ya zo ba. Ya shanye shayinsa ya tafi.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji jami'in ya hau sama wurin maƙwabciyata. Ya roƙe ta kada ta rage wanka, kada ta sauya lokacin wanki, in za ta yi tafiya ta sanar da shi don a san yadda za a yi. Matar da na yi shekaru ina roƙo ta riƙa tausaya wa famfo, yau ofis ya ba ta izinin ɓarna. Ta sauko tana gaya mini wai an ce ita ma tana cikin shiri, har tana tambaya ko za a ɗauke ta hoto.

Yallaɓai, ofishinka ɗaya ne, ƙofarsa ɗaya. Hannun dama ya aiko a gyara, hannun hagu ya ce kul. Ni ce a tsakiya, a kan kujera.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon waɗannan abubuwa. A dawo da dattijon nan mai gyaran famfo, ya fasa bangon ya ɗaure bututun, kuma a riƙe jami'in a ofis ranar. A kwashe ledojin daga ɗakina. Ban ce a zubar ba, tunda surukata ta saba da su kuma ba su san sun yi laifi ba. Akwai ɗaki a bayan ofishinku inda kuke jibge koke-koken mutane, na taɓa leƙawa, rufinsa yana yoyo kuma ba mai shiga. Za su ji daɗinsa. A turo kafintan nan mai sauri ya mayar da gadona yadda ya same shi. A cire hotona daga bakin ofis.

Na samu labari cewa ranar Asabar 15 ga wannan wata kai da kanka za ka zo da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, za a yanke ƙyalle a ƙofar Gonar Mama. Jami'in ya riga ya kawo mini sabon mayafi, ya ce in yi murmushi in faɗi kalma biyu. Ina maraba da kai, gidan naku ne. Amma ina sanar da kai tun yanzu, don kada a ce tsohuwa ta yi rashin kunya ba gargaɗi. Ba wata hanya zuwa ɗakin nan sai ta falo. Idan ranar ta zo ban koma gadona ba, zan sauko da bargona da matashina in shimfiɗa a bakin ƙofar, in kwanta. Ba zan yi ihu ba, ba zan zagi kowa ba. Duk mai son ganin naman kaza sai ya tsallake ni, kuma kai ne babba, kai za ka fara.

Kafin nan ina so a fito mini da mutum ɗaya, mai suna da fuska, ba ofis ba, ba kwamiti ba, wanda ya ji an ce ɗaki ya lalace ya ce to a bar lalacewar a cire tsohuwar. In Mai Safar Hannu ne, ya zo ya faɗa a gaban jikokina. In wani ne a samansa, a nuna mini shi. In kuwa kai ne, Yallaɓai, to ka zo da amsarka ranar Asabar ɗin, za ka same ni a ƙasa ina jira.

Ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi, wuyana ne ya sanƙare. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Kakar 'Yan Biyu.
Na dangwala babban yatsana na dama, bayan an karanta mini na ji ba a rage komai ba.